Bamuyarda da Ɗansa Mai Cewa Hadir

Da sunan Allah mai rahama mai jin ƙai.

Zuwa ga ɗana Nazifi.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ka gaisuwar uba ga ɗansa, ina roƙon Allah ya tsare ka a sama, ya tsare ka a ƙasa, ya sauke ka Kano lafiya, ya kai ka Kaduna da ƙafafunka biyu da hankalinka cikakke. Ummanka ce za ta miƙa maka wannan takarda a filin jirgi. Da Hausa na rubuta, na san za ka sha wuyar karatu, sai ka bi da yatsa kamar ɗan firamare. Ka yi haƙuri. Abin da ke cikina ba zai fito da Larabcin warsha, wato garejin gyaran mota, ba, wanda iyakarsa miƙo sifana da ɗaga mota.

Bari in fara da abin da ya fi ci mini rai. Ranar da ka zo daga wurin aikinka na Yanbu, muna zaune a falo nan unguwar Ƙurban bayan la'asar, ka ce sababbin masu kamfanin haɗa motoci na Kaduna sun kira ka, suna so ka kula musu da injinan layin haɗa mota, kuma kana neman yardata. Na dube ka na ce, "Je ka yi abin da ka ga dama." Sai ka miƙe da murna ka sumbaci goshina, ka ce, "Hadir, Baba, Allah ya saka da alheri," ka fice neman tikiti. Ummanka ta saki baki, ni ma na saki nawa. Kai, ɗan nan! Duk yaron da ya tashi a Tudun Wada ya san in uba ya ce je ka yi abin da ka ga dama, to hani ne, hanin da ya fi "kada ka je" nauyi. Can zubewa za ka yi kana ba da haƙuri. Amma kai a Madina ka yi wayo, ka ji kalmomin ka ɗauke su yadda suka zo. Ba laifinka ba ne, ni na kawo ka nan kana ɗan ƙarami.

Ga shi za ka hau jirgi kana tsammanin kana ɗauke da yardata, alhali ban ba ka ba. Ummanka ta hana ni sakat. Ta ce, "Malam, ko ka gaya masa gaskiya, ko ka sa masa albarka ta gaskiya. Amma ba za ka bar mini ɗa ya ƙetare teku hannu rabbana yana zaton da guzuri ya tafi ba." Gaskiyarta. Sai dai kafin in yanke magana, dole ka san wane ne ubanka a wancan kamfani, domin kana shiga ƙofa za a gaya maka, kuma gara ka ji daga bakina. An ce ba a fafe gora ranar tafiya, to ni ga shi ina fafewa.

Kai ka san Tanimu makanike, dattijo mai shiru-shiru, wanda ba ya ɗaga murya ko ga kyanwa. A Kaduna ba mai ce mini Tanimu. Bamuyarda ake kirana.

Na shiga kamfanin ina saurayi, lokacin da ƙasa ke jin kanta. Sashen ƙofofi aka sa ni, muna ɗaura wa mota ƙofa tana tafe a kan layi. Motar kamfani ke ɗauko mu da safe, akwai wurin cin abinci, akwai riga mai tambari wadda in ka sa ta ka je zance, iyayen yarinya su ce a shimfiɗa maka tabarma. Da ita na samo ummanka, tambaye ta in ƙarya nake. Gwamnati ba ta sayen motar kowa sai tamu, haka 'yan tasha, haka 'yan kasuwa. In na ga motarmu a titi sai in ji kamar ni na haife ta.

Kada ka bari kowa ya ce maka ƙungiyar ƙwadago taron 'yan tayar da zaune tsaye ce. Na san abin da na gani. Ina da aboki a sashen fenti, Bitrus, mutumin kudancin Kaduna, dogo mai sanyin magana. Farkon zuwanmu, tsumma suke ɗaurawa a hanci su shiga ɗakin feshi. In Bitrus ya fito ya kaki majina, launin motar da suka fesa ranar za ka gani. Ƙungiya ce ta tsaya kai da fata har aka kawo musu abin rufe fuska na gaske, aka buɗe asibiti a cikin kamfani, aka daina korar mutum don injin ya cinye masa yatsa. Ba wanda ya ba mu waɗannan don yana ƙaunarmu. Saboda haka in ka ga ma'aikata sun taru suna magana, kada ka wuce su kana kallon agogo. Tsaya ka gaishe su, ka tambayi abin da ke damunsu, sau da yawa abin da suke faɗa gaskiya ne ko da bakinsu ya yi kaushi.

Yadda muke taro shi ne, a fita fili bayan wurin cin abinci, shugaba ya karanta abin da hukumar kamfani ta kawo, sannan ya tambaya, "Kun yarda?" Ni Allah ya ba ni murya. Wata rana na haye kan durom na ƙwala, "Ba mu yarda ba!" Sai fili gaba ɗaya ya ɗauka, har ƙasa tana amsawa. Nazifi, ban taɓa ɗanɗana abu mai daɗin wannan ba, wallahi. Talaka ɗan talaka, in buɗe baki jama'a ta biyo ni! Daga ranar aka laƙaba mini suna, aka kuma sa ni wakilin sashenmu. Farko ina sauraron abin da aka karanta kafin in yi ihu. Da tafiya ta yi nisa, sai na daina saurare, jira kawai nake shugaba ya kai aya.

Kuskurena na farko, na ɗauka kamfanin ba ya mutuwa. Mukan ce ai na gwamnati ne, gwamnati kuwa ba ta talauci. Muna ji muna gani naira ta fara zubewa. Mu kuwa ba mu ƙera komai, haɗawa muke. Inji, gilashi, har maɓallin ƙofar da nake ɗaurawa, duk a cikin akwati suke zuwa daga waje. Naira na faɗuwa, akwatin na tsada, motar na fin ƙarfin malamin makaranta, daga baya ta fi ƙarfin shugaban makarantar ma. Sai ga 'yan Kwatano sun fara shigowa, tsofaffin motocin da Turawa suka gama yayinsu, ga araha ga sanyi a ciki. Motocinmu suka yi layi a harabar kamfani, ciyawa na tsirowa a gindin tayoyi. Kullum sai na wuce su, amma in an yi magana sai in ce dabarar manaja ce, ɓoye su yake don ya hana mu ƙari. To ka ji. In ka je, kada ka fara da ofis. Je ka tasha ka tsaya ka ga motar da mutane ke shiga, ka tambayi direba dalilin da ya sa ya saye ta. Shi ne mai kamfanin na gaskiya, ba manaja ba, ba shugaban ƙungiya ba, kuma shi ba ya zuwa taro.

Na biyu ya fi muni. Akwai abin da muke kira tafiyar hawainiya, wato ba mu bar aiki ba, amma kowa ya sassauta hannu. A sashenmu sai muka ƙara da namu gishirin. Ƙofa sai an daidaita ta kafin a ɗaure, in ba haka ba za ta rufu a kamfani amma bayan 'yan watanni ta fara sauka. Na ce wa mutanena, "Ku ɗaure kawai, su masu farar riga su zo su daidaita da kansu." Muna dariya, muna ganin mun cuci manaja. Bayan wani lokaci na shiga tasi daga Kawo, motarmu ce, ba ta ma tsufa ba. Ƙofar baya da igiya aka ɗaure ta. Wata mata ta yi ta fama da ita, direba ya fito ya kwance yana huci, ya ce, "Bashi na ci na sayi motar nan. Allah ya isa tsakanina da wanda ya ɗaura ƙofar nan!" Fasinjoji suka ce amin. Ni ma na ce amin, Nazifi, da bakina, don kada a kalle ni. Direban ya ƙara da cewa yana samun mai saye zai rabu da ita ya ɗauko 'yar Kwatano. Duk faɗan da za ka yi da na sama da kai, ka yi shi da baki a gabansa. Kada ka taɓa hucewa a kan aikin, domin manaja ba ya shiga tasi.

Ba wai ina wanke manyan ba ne, a'a. Su ma sun ci nasu rabon. Ana ce mana kamfani ba shi da lafiya, su kuma suna sake labulen ofis, suna tura iyali hutu waje. Gwamnatin da ke mana wa'azin kishin ƙasa, manyanta suka koma hawa motocin waje suna wucewa ta ƙofar kamfaninmu da jiniya. Alkawarin da aka yi na fara ƙera kayan a gida, ya zauna a baki. Wannan ne ya sa ko sun faɗi gaskiya ba ma jin ta. Kai ma yanzu farar riga za ka sa. In za ka ce wa mutum ya ɗaure ciki, ka tabbata ya ga naka a ɗaure.

Yanzu ga wanda ya hana ni barci shekara da shekaru. Da abin ya yi tsanani, hukuma ta kawo zaɓi biyu: ko kowa ya rage ranakun aiki a mako albashi ya ragu, ko a sallami rabin mutane. Aka fita fili. Shugaba bai gama karantawa ba na haye durom. Sai Bitrus ya ɗaga hannu, mutumin da bai taɓa magana a taro ba. Ya ce, "'Yan'uwa, ku bar ni in faɗi kalma ɗaya. Fentin da ke sito ya kusa ƙarewa, kuma ban ga an kawo wani ba. Wannan karon ba wasa suke ba. Da babu gara ba daɗi, mu karɓi ragin, mu..." Ban bar shi ya kai ƙarshe ba. Na ce, "Nawa suka ba ka?" Ya juyo ya kalle ni ya ce, "Malam Tanimu, ni?" Abin da ya faɗa ke nan. Ni kuwa na ƙwala abin da na saba, jama'a suka ɗauka, aka ture shi gefe. Mutumin da matarsa ta kwana biyu a gidanmu tana taya ummanka aiki ranar sunanka.

Muka shiga yajin aiki. Kamfanin da ba ya sayar da mota, yajin aiki hutu ne a gare shi, wannan ban gane ba sai daga baya. Da muka koma, sallamar da aka yi ta fi rabin da aka ambata. Sunana na ciki, na Bitrus ma yana ciki, shi da ya nemi a yi sulhu. Na ga manyan mutane masu iyali suna kuka a bakin ƙofa. Wasu sun koma acaba, wasu ƙauye, wani da na sani ya zauce. Ba wanda ya zage ni, ka ji abin da ya fi ciwo. Sai dai in na doso majalisa a yi shiru. Ban iya zaman garin ba, na zo Umra na maƙale, daga baya na samu kafil, wato ɗan ƙasa da ya tsaya mini, kuka biyo ni. Ban je na ba Bitrus haƙuri ba. Kullum sai in ce gobe.

Nasihar a nan gajeriya ce. Ka bar mutum ya gama maganarsa. Kuma duk ranar da ka ji bakinka yana ƙaiƙayin cewa an sayi wani don ya saɓa maka, ka cije harshenka har ya yi jini.

Da na zo Madina sai na yi wa kaina alkawarin ba zan ƙara musu da kowa ba. Na ɗauka tuba na yi. A nan ba ƙungiya, ba taro, ba durom. Fasfonka na hannun kafil, iƙamarka, takardar izinin zama, na hannun kafil, kalma ɗaya ce take ciyar da kai: hadir. An ji, za a yi. Na riƙe ta da hannu biyu. A warshar da na fara aiki akwai injin ɗaga mota da ke zubar da mai, kowa ya san yana sauka da kansa. Na gaya wa mai wurin sau ɗaya, cikin ladabi. Ya ce, "Ba'adain, sai an jima, ya Hajji, yanzu akwai aiki." Na ce hadir. Akwai Adamu, Bahaushen Chadi, muna cin abinci a kwano ɗaya. Mota ta sauko masa a ƙafa da hantsi, ina tsaye ina riƙe da sifana. Aka yi masa magani, da ya fara dogara sanda aka sa shi a jirgi, shi ke nan. Ni da na taɓa tsayar da kamfani guda da murya, na kasa tsayar da inji ɗaya. Ranar na tuna abin rufe fuskar su Bitrus, na san abin da ƙungiya take, na kuma san mu muka yi wasa da ita.

Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne, da wannan kalma na raine ka. Na hana ka musu a makaranta, na hana ka musu a unguwa, na ce mu baƙi ne, mu sunkuyar da kai. Ka tashi yaron kirki, kowa na yabonka, amma ban taɓa jin ka ce wa babba a'a ba. Yanzu za ka je inda za a sa ka tsakiya. Sababbin masu kamfani za su ce ka ƙara wa layi gudu, ka rage mutane, ka bar gyaran injin sai wani watan, domin suna kokawa da motar da ta fi tasu araha. Wani lokaci gaskiyarsu ce, in ba a yi ba wurin zai rufe. Wani lokaci kuwa ƙafar wani ce za ta tafi. 'Yan ƙungiya kuma za su zo maka da zafi, su ce kai ɗan Bamuyarda ne, jininka namu ne, ko su ce ubanka ya kashe wurin kai ka zo binnewa. In ka ce wa waɗannan hadir, ka ce wa waɗancan hadir, za su yaga ka biyu. Ba ni da wata dabara da zan ba ka, ni da na faɗi ta gaba na faɗi ta baya. Abin da na sani kawai, kafin ka amsa wa kowa ka ce, "Bari in duba," kuma ka je ka duba ɗin da idonka.

Ka kula da Hausar can. In ma'aikaci ya ce maka "ba komai, ranka ya daɗe," to akwai komai. In suka ce "Allah ya ba mu haƙuri," an kusa ajiye aiki. In ba ka gane magana ba, tambayi kawunka da ke can Kaduna, kada ka ji kunya. Za su yi maka dariya, su ce ɗan Makka, ka taya su dariyar.

Ka nemi Bitrus. Da can yana zaune wajen Kakuri, 'yan fenti na da za su san inda yake in yana raye. Kada ka roƙa mini gafara, wannan ba aike ba ne da ake ba yaro. Ka gaishe shi kawai da girmamawa, ka durƙusa, ka ce kai ɗan Tanimu ne na sashen ƙofofi. In ya ba ka wurin zama ka zauna. In ya kau da kai, ka tashi ka tafi, yana da haƙƙi.

Ba zan ɓoye maka ba, ban ga alamar kamfanin zai tashi ba. Mai yiwuwa ka je ka zuba ƙuruciyarka a wurin da ya riga ya mutu, ana jiran masu wanka. Na so in ce wannan ne dalilin da na hana ka. Ƙarya ne. Tsoro nake ji, ɗana. Ƙirjin nan ba ya barina in hau benen gidan nan ba tare da na tsaya ba, likita ya faɗi abin da ya faɗa, ummanka ta sani, kai ne muka ɓoye wa. In ka fita iƙamarka ta mutu, dawowa sai Allah ya yi. Ni kuma in na fita, ba inda zan koma. So na yi in riƙe ka kusa don in samu mai kama ni zuwa Harami ranar Juma'a. Amma ban ga dalilin da zai sa ka tsufa kana jiran sa hannun kafil kamar ubanka ba, alhali kana da ƙasa, ko da ƙasar ta gaji.

Saboda haka ka buɗe kunne, wannan karon ba habaici a ciki. Na yarda ka tafi. Na yarda, na yafe maka duniya da lahira, Allah ya yi maka albarka.

Saura abu ɗaya. Ka san al'adar garin nan, ba a jiran kowa. In mutum ya cika da safe, ana idar da azahar an sallace shi, kafin la'asar an kai shi Baƙi'a, kuma ba a sa alama a kan kabari. Don haka ranar da ummanka ta kira ka, kada ka bar aiki ka ruga neman biza, ba za ka tarar da ni ba, ba kuma za ka gane wurin ba. Ka yi alwala ka yi mini addu'a inda kake, ka koma bakin aikinka. Ummanka ce za ka yi wa hanya ta zo wurinka, kada ka bar ta ita kaɗai a Ƙurban.

Allah ya kiyaye hanya, ya raba ka da sharrin ƙarfe da sharrin baki, ya haɗa ka da mutanen kirki, ya sa ka gama da duniya lafiya. Na ba wa Allah ajiyarka, shi da ajiyarsa ba ta ɓata. Ka gaida kawunka da iyalinsa.

Wassalam.

Mahaifinka,
Tanimu
Madina